Takardar Naɗin Gurasar Kawu Ilu

Duk wanda ya taɓa sayen gurasa a teburin Kawu Ilu, can bakin ƙofar kamfanin roba a Sharaɗa, ya san ba a zuwa wajensa da sauri. Za ka miƙa kuɗinka, ya jiƙa gurasar, ya barbaɗa ƙuli, ya zuba mai, ya yanka albasa, ƙamshi ya cika maka hanci, sannan ya jawo takardar da zai naɗe maka. To a nan za ka gane ka shigo hannu. Sai ya gyara tabaraunsa mai ƙafa ɗaya, wanda ya ɗaure ɗaya gefen da zare, ya ɗora yatsa a layin farko ya fara karatu. Idan ya gama gaba, ya juya baya.

Kun tuna Bitrus direban babbar mota, mutumin Filato? Ranar farko da ya faɗa tarkon, tsalle ya dinga yi a gaban teburin.

"Baba, jiniya ta yi kuka fa, za a rufe get!"

"Saura layi biyu."

"To ka sa min a leda mana!"

"Leda? Me za ka karanta a jikin leda?"

Da ya kai ƙarshen shafin sai ya girgiza kai, ya ninke takardar ya cusa a aljihu. "Wannan ba ta naɗi ba ce, ban ga yadda labarin ya ƙare ba." Ya jawo wata ya fara daga farko! Washegari Bitrus ya zo da kwanonsa, yana murmushin wanda ya yi dabara. Kawu ya karɓi kwanon, ya kifa shi, ya gyara tabarau ya karanta rubutun da ke gindinsa.

Idan aka yi masa ƙorafi cewa yake yi, "Sai na duba. Kada na naɗe abin mai da sunan Allah, a ci a jefar a kwata." Gaskiya ne kuma, duk takardar da ya ga aya ko sunan Allah a ciki gefe yake ajiye ta. Amma mu 'yan gida mun san ba shi ke nan ba, domin na sha ganin sa yana karanta takardar sabulu a bayan gida, kuma babu wanda zai ci sabulun.

Ƙanin mahaifiyata ne. Ni ce Hauwa, wadda ke ɗaure kwalayen biskit a Bompai, kuma da yawanku kun san ni da shi mun taɓa yin wata uku ba ma ga maciji. Zan zo kan wannan, ku bar ni na fara da yaran makaranta.

Da an tashi 'yan ƙaramar sakandare, ta gaban teburinsa suke wucewa. Babba in ya zo, Kawu ne zai yi karatun. Yaro in ya zo da yunifom, shi zai karanta takardar naɗinsa. Kawu yana da ƙa'idarsa da ba ya sauyawa. Ɗan firamare ya haɗa baƙi ya furta, an sallame shi. Amma wanda ya shiga sakandare, sai ya amsa tambaya uku.

"Na ji ka karanta. To, me ta ce?"

In ka tsallake wannan: "Wa ya rubuta, kuma me yake nema a wajenka?"

In ka tsallake: "Me bai faɗa ba?"

Wanda ya amsa duka yana da gyara. Wanda ya faɗi za a ba shi gurasarsa, amma babu albasa. Sai da ta kai a layin nan ana gane mai ƙoƙari da warin baki. Wata uwa ta taɓa ce min kullum ɗanta ya dawo sai ta ce ya yi mata hamma, in ba ta ji albasa ba ya sha faɗa.

Wata rana wani yaro ya zo, ɗan aji uku, wanda aka ce shi ne zakaran ajinsu. Aka yi sa'a takardar da ta faɗo masa shafi ce daga littafin karatunsu na Turanci, sai dai ɓera ya cinye rabinta na ƙasa. Yaro ya riƙe takarda ya fara zubo Turanci kamar an kunna famfo. Ya wuce layi na biyar, ya wuce na goma, ya kai inda ɓera ya ci, ya zarce abinsa bai ko yi tuntuɓe ba.

Kawu ya cire tabarau, ya leƙa takardar ta ƙasa, ya hango idon yaron ta cikin hujin.

"Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Yaron nan yana karanta abin da ke cikin ɓera!"

Da aka tambaye shi me ta ce, sai ya sosa ƙeya. "Baba, ai ba a tambayarmu haka. Haddacewa ake yi." Ranar ko tumatir bai samu ba.

Yara sun fi son tambayarsa game da hannunsa na dama, domin yatsu uku ne kawai a jiki. Kullum da amsar da zai ba su. Yau ya ce kada ne ya cinye a kogin Challawa. Gobe ya ce da albasa ya haɗa ya yanka, wani mutumin Jigawa ya cinye a gurasa, har ya dawo yana cewa a ƙara masa irin naman jiya. Mu ma da muke gida abin da muka sani kawai shi ne inji ne, tun yana aiki a kamfanin robar nan kafin ya koma gurasa.

Yanzu ga rigimarmu. 'Yata Habiba tana aji biyu a wata makarantar kuɗi, ba zan kama suna ba. Ƙarshen zango ta kawo katin sakamako, ta zo ta ɗaya. Wayyo ni Hauwa! Ranar ko tafiyata sai da ta canja. A cikin adaidaita sahu na nuna wa matar da ke kusa da ni katin, ba ta tambaye ni ba. A wajen aiki sai da kowa ya gani, har mai gadi. Na riga na fara kiranta Likita.

Kawu kuwa a wajen masu gwangwan, masu bi gida-gida suna sayen tsofaffin kaya, yake sayen takardun naɗinsa, buhu-buhu. Sati biyu da yin hutu ya aiko a kira ni. Na same shi zaune da buhu a gabansa, jan biro a bayan kunne.

"Hauwa, wannan rubutun wa?"

Takardar jarrabawar Habiba ce ta Turanci, da sunanta da ajinta. An ba su ɗan labari, an yi tambaya biyar a kai. Amsar tambaya ta ɗaya, ta kwafe labarin gaba ɗaya. Amsa ta biyu, ta sake kwafe shi. Haka har sau biyar, da rubutu mai kyau kamar na ɗab'i. Kuma babu ɗigon jan biro ko ɗaya a jikin takardar. Ba tata kaɗai ba, duk buhun haka yake, babu wanda ya duba.

Maimakon na ji haushin makaranta, sai na ji haushin Kawu. Na sani, ba sai kun faɗa min ba.

"Kawu, ku dai ba kwa son ganin ɗan wani ya ci gaba. Yarinya ta zo ta ɗaya, ku ce madalla ya gagara?"

"Kira min ita."

Habiba ta zo. Ya miƙa mata takardarta ya ce ta karanta labarin. Ta karanta tsaf, har da lanƙwasa harshe. Na dube shi ina hura hanci.

"Na ji kin karanta, Hajiya Ta Ɗaya. To, me ta ce?"

Ya sake jefo mata wata.

"Mutumin da ke cikin labarin, kasuwa ya je ko gona?"

Habiba ta dube ni, ta dubi takarda, ta sake karanto layin farko da ƙarfi, ko amsar za ta faɗo da kanta. Na ja hannunta muka tafi. A hanya na rantse ba za ta ƙara cin gurasarsa ba, ni ma ba zan ƙara taka inda yake ba.

Ashe bai gama ba. Duk hutun nan zama ya yi ya duba takardun buhun ɗaya bayan ɗaya da jan bironsa. Da aka koma makaranta aka kira taron iyaye da malamai, ina zaune a layin gaba, layin da ya dace da uwar ta ɗaya, sai ga Kawu ya shigo da buhu a ka. Ba shi da ɗa a makarantar, ba shi da jika in ba Habiba ba. Na ja mayafi na rufe fuska.

Mai makarantar ya sha babbar riga, ya yi jawabi na kusan awa guda daga takarda, Turanci manya-manya, muna tafi duk inda ya ja numfashi. Yana gamawa Kawu ya ɗaga hannunsa mai yatsu uku.

"Ranka ya daɗe, mun ji ka karanta. To, me ta ce?"

Wasu suka tuntsire da dariya. Kafin mutumin ya farfaɗo, Kawu ya zazzage buhun a kan tebur.

"Ga jarrabawar yaranku. Na ga malamai ba su samu sukuni ba, na taya su dubawa."

Mai makaranta ya share gumi ya ce ai yanzu zamani ya canja, a kwamfuta ake duba komai.

"To madalla. Kwamfutar ce ta sayar wa masu gwangwan?"

Iyaye suka yi caa a kan tebur kowa na neman ta ɗansa. Kuna tsammanin godiya suka yi masa? Ina! Wani Alhaji ya ga an ba ɗansa biyu cikin goma, ya ce wa ya ba mai gurasa izinin taɓa makin ɗansa. Ni kuma na miƙe cikin fushi na ce duk abin da za a yi a yi, amma 'yata ce ta ɗaya a aji biyu, ga kati. Sai wata mata a bayana ta ce, "A'a baiwar Allah, ɗana ne na ɗaya a aji biyu." Ta zaro nata katin. Wata ma ta miƙe. Kafin a ankara mu shida ne a tsaye, kowacce da katin na ɗaya, aji ɗaya, malami ɗaya.

Kawu ya dube mu ya jinjina kai. "Kai, wannan aji da albarka yake. To wa ya zo na biyu?" Babu wanda ya miƙe.

Wannan kunyar ce ta sa na yi wata uku ba na gaishe shi. In na hango teburinsa sai na ce wa mai adaidaita ya bi ta baya. Shi ne ya gaji ya zo gidana wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Bai jira na shimfiɗa tabarma ba, ya zauna a kan turmi, ya ɗora hannun nan nasa a gwiwa.

"Hauwa, kin san abin da ya ci yatsun nan?"

"Kada," na ce, ina kumbure-kumbure.

Bai yi dariya ba. Ya ce lokacin yana kan injin narka roba aka kawo masa sabon ma'aikaci mai takardar sakandare. A jikin injin akwai gargaɗi da Turanci, cewa kada a kunna muddin murfin yana buɗe. Ya nuna masa ya ce, ka iya karanta wannan? Mutumin ya karanta tiryan-tiryan kamar mai labarai a rediyo. Kawu ya ji daɗi, ya ce yau an haɗa shi da mai ilimi. Da roba ta maƙale ya buɗe murfi ya zura hannu. Shi kuma wancan ya ga inji ya tsaya, ya danna maɓalli.

"Ban taɓa riƙe shi a raina ba. Ya karanta, ban isa na ce bai karanta ba. Ni ne ban tambaye shi me ta ce ba." Ya ɗaga hannun. "Habiba kike kira Likita. Ranar da za a ba ta takardar magani ta karanta da daɗin murya, yatsun wa za a rasa?"

Wallahi kuka na yi, irin na wanda aka kama da gaskiya. Washegari da kaina na raka ta teburin.

Daga nan kullum aka tashi makaranta tana wajensa. Kuma kar ku ɗauka sassauci ya yi mata don jikarsa ce. Wata biyu yarinyar nan ba ta ga albasa ba. Jarida, takardar taki, tsohon littafin kimiyya, sanarwar ɗaurin aure, duk abin da buhu ya kawo. Sai ta faɗa da Hausarta, a taƙaice, ba tare da ta kalli takardar ba. In ta fara maimaita kalmomin marubucin sai ya ce, "Wannan bakinsa ne. Ina naki?" Tana dawowa gida tana ƙunƙuni, wai tsohon nan ya fi kowane malami mugunta. Ranar da ta fara dawowa da warin albasa, guɗa na yi har maƙwabta suka leƙo.

Sai dai abin ya zame min ƙarfen ƙafa, domin yarinya ta koma Kawu ƙarami. Wata rana na ɗauko hoton wata sanarwa da aka manna mana a wajen aiki, ina ta murna. An rubuta cewa hukumar kamfani na farin cikin sanar da ma'aikata, saboda kulawa da walwalarsu da ta iyalansu, an haɗe hutun rana da lokacin tashi. Mu duka mun fahimci za mu riƙa tashi da wuri, har mun yi wa manaja addu'a.

Habiba ta karanta a zuci, ta ɗago.

"Mama, ƙarfe nawa suka ce za ku riƙa tashi?"

"Ba su rubuta ba."

"To ai ba su ce an canja lokacin tashi ba. Hutun ne kawai ya tafi."

Haka kuwa aka yi! Da na ba Kawu labari sai da ya yi dariya har tabarau ya faɗa cikin ƙuli. Ya ce, "Ku mutum ɗari a kamfani, a rasa mai cin albasa ko ɗaya?"

Bara ciwon ciki ya kama shi. Ya rame, ya daina fita teburin. Ana ta kai shi asibiti ana dawowa, kuma duk takardar da aka ba shi Habiba ce mai karanta masa, da tambayoyinsa uku, ko yana nishi sai ya yi su. Ita ke adana su a wata tsohuwar jakar makaranta. An hana shi mai, an hana shi gishiri, an hana shi ƙuli, yana ta mita wai an bar shi da ruwa da haƙuri.

Kwanciyarsa ta ƙarshe ya yi sati biyu, sannan aka sallamo shi. Da la'asar muka taru a tsakar gida, an shimfiɗa masa katifa a inuwa. Nura ɗan yayata, wanda ya gama jami'a, ya karɓi takardar sallamar ya karanta mana da ƙarfi, Turanci na fita kamar ba Bahaushe ba. Ya naɗe ya ce, "Alhamdu lillahi! An sallame ku, Kawu. Sun ce ku huta a gida cikin iyali, kuma ku ci duk abin da ranku yake so." Gida ya kaure da hamdala. Har an aika a sayo tsire. Babban ɗan Kawu ne kawai na ga ya sunkuyar da kai. Daga baya na ji likita ya yi masa magana a gefe, ya kasa faɗa wa kowa.

Kawu ya ce, "Miƙa wa Ta Ɗaya."

Habiba ta karɓa. Ba ta karanta da ƙarfi ba. Ta daɗe tana dubawa, ta juya baya, ta buɗe jakarta ta zaro takardun baya ta jera su a cinya.

"To, me ta ce?"

"Ta ce an sallame ka, Kawu."

"Wa ya rubuta, me yake nema?"

"Likita ne. Yana so kada ka sha wahala."

"Me bai faɗa ba?"

A nan na gane. Na yi mata alama da ido ta yi shiru, har na taɓa ƙafarta. Kawu ya gan ni. Ya ce, "Hauwa, bar ta. Jikina ne, ina da haƙƙin na sani."

Hawaye na zuba ta ce, "Duk takardun baya akwai ranar da za ka koma. Wannan babu. Sun cire sauran magungunan, sun bar na rage zafi kawai. Da sun hana ka mai da gishiri, yanzu sun ce ka ci komai."

Nura ya karɓi takardar ya sake dubawa, ya ajiye a hankali. Kawu ya lumshe ido ya yi salati, ya daɗe. Da ya buɗe, murmushi yake yi, irin wanda yake yi in yaro ya tsallake tambaya ta uku.

"Hauwa, a ba ta gyara. A cika mata albasa." Ya miƙa hannunsa mai yatsu uku ya dafa kanta. "Yau kam ke ce ta ɗaya, kuma ke kaɗai."

Kwana tara ya ƙara. A cikinsu ya kira duk wanda yake ganin ya taɓa ɓata wa, ya nemi gafara, har Bitrus da ya sha sa shi makara. Ya yi wasiyyarsa da bakinsa, cikin hankalinsa, ya ci gurasa da ƙuli son ransa. Da mun tsaya a karatun Nura, da duk wannan bai samu ba, muna can muna jiran ya warke. Tabaraunsa kuwa Habiba ya bar wa, yana cikin jakar nan tare da takardun.

Allah Ka jiƙan Kawu Ilu, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa. Ranar da za a miƙa wa kowa takardarsa a ce ya karanta, Ka ba shi tasa a hannun dama, hannun nan da ya rasa yatsu a wajen neman halal. Ka sa ya duba gaba ya juya baya, bai ga komai ba sai alheri. Amin.